Malam Mudi da Tsohuwar Kwamfutar Gidan Iri

Duk wanda ya yi aikin malamin gona tsakanin Funtua da Malumfashi a shekarun nan ya san Malam Mudi. Ko bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya san muryarsa a waya. Kana kiransa ka ce abu ya ƙi, kafin ka rufe baki zai ce, "Kashe ka kunna." In ka ce ai ka kashe ka kunna, sai ya ce, "To sabis ne." Shekara ashirin muka yi muna aiki tare a Gidan Iri, ni ina Dayi shi yana Funtua, sau ɗaya tak na ji ya ce laifinsa ne. Sunana Hajo, malamar gona. Ina ganin girman mutumin nan ƙwarai, kuma har gobe ina jin haushinsa.

A Tsiga aka haife shi. Shi ne ɗan farin Malam Awaisu mai shanun huɗa, wanda ake cewa kunyarsa a gona miƙaƙƙiya ce kamar an ja da igiya. Mutanen wancan zamani ba su wasa da kunyar ɗan fari, Malam Awaisu kuwa ya fi kowa riƙe ta. Bai taɓa kiran sunan Mudi a gabansa ba. In yana son ganinsa sai ya ce wa ƙannen, "Ku kira mini yayanku." In sun haɗu a zaure, uban ya dubi bango, ɗan ya dubi ƙasa, a yi maganar taki ko ta shanu a taƙaice, kowa ya kama gabansa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a garin ya san haka, tarbiyyar zamaninsu ce.

Mudi bai gaji garma ba. Tun yana ƙarami rediyon gidansu ya sha wahala a hannunsa, har aka gaji aka kai shi Funtua wurin wani mai gyara kusa da tashar jirgin ƙasa. Daga nan ya samu aikin wuta a wani kamfanin gurzar auduga, a lokacin da auduga take auduga. Yakan ba mu labarin kakar wancan zamani, motoci sun yi layi tun daga bakin ƙofar kamfani har kan titi, farin kaɗa ya maƙale a wayoyin wuta da gemun mutane, masu shayi ba su da lokacin zama. Da kasuwar ta ja baya aka rage ma'aikata, sai ya dawo Gidan Iri, wata 'yar ƙungiyar manoma mai ɗaki uku da ke adana irin gargajiya. An ɗauke shi ne don ya riƙa gyara fanka da janareta. Da aka kawo kwamfuta, kowa ya ja da baya, shi kaɗai ya matsa. Babu wanda ya koya masa, shi da littafin da ya zo a kwalin suka kwashe wata shida suna kokawa.

A shekarar 2004 aka fara aikin da muke kira Kundi. A ƙasarmu iri na gado ba a sayar da shi. A ƙoƙo ake ba ka, kai kuma ka riƙe sunan wanda ya ba ka, domin ranar da naka ya ɓata ka san ƙofar da za ka buga. Tsofaffin da suka san wa ya ba wa suna ta tafiya, shi ya sa aka ce mu bi ƙauyuka mu ɗauki muryarsu. Kowane tsoho ya faɗi sunan irinsa, ƙasar da yake so, lokacin shuka, da waɗanda ya taɓa ba. Kaset goma kacal muke da su. In mun cika mu kawo Funtua, Malam Mudi ya zuba a kwamfuta, mu shafe mu koma. Manhajar da aka zuba muryoyin a ciki wani kamfani ne ya rubuta ta, ya kuma kulle ta da wani ɗan makulli mai kamar akwatin ashana da ake sokawa a bayan kwamfutar. In babu makullin nan, Kundi ba ya buɗuwa. Bayan 'yan shekaru kamfanin ya rufe, ko lambar wayarsa ba ta shiga.

Ranar da aka je Tsiga, Malam Mudi ne ya tuƙa mu, amma a bakin kasuwa ya tsaya. Ya miƙo mini rakoda ya ce, "Malama, ke za ki shiga gidanmu. In ina wurin Baba ba zai yi magana ba." Na shiga. Tsohon yana zaune kan buzu yana gyaran igiyar shanu. Ya yi mini bayanin wata dawa farafara da ya gada, wadda ciyawar wuta-wuta ba ta cin ta sosai, dalla-dalla, har da yadda ake zaɓen zangarniyar iri tun tana tsaye. Da ya gama na tambaye shi wa zai riƙe irin bayansa. Ya dubi rakodar, sannan ya ce, "Mudi ba zai yi noma ba. Amma akwatin nan ba Mudi ne ya kawo shi ba? To ai shi ma ajiyar iri yake yi." Ya yi 'yar dariya. Sau biyu ya kira sunan, da kunnena na ji.

Minti bakwai ne maganar. Da na fito na ce wa Malam Mudi, "Akwai abin da ya kamata ka ji a kaset ɗin nan." Ya ce wata rana. Da zai zuba ta a kwamfuta ma sai da ya rage murya gaba ɗaya. Bayan shekara biyu Malam Awaisu ya rasu. Na sake yi masa magana, ya ce, "Ba yanzu ba, Malama. Sai na yi ritaya, na zauna, in ji a natse." Ni kuma ban faɗa masa abin da ke ciki ba, don a ganina ba daga bakina ya kamata ya ji ba. Haka muryar nan ta zauna a cikin kwamfutar, shi ke share mata ƙura kullum, bai taɓa buɗe ta ba.

Kwamfutar babba ce, fara da ta koma ruwan ƙasa, tana gurnani kamar injin niƙa. Tsohuwa muke kiranta. A farko duk mai son duba Kundi sai ya hau mota ya zo Funtua. Daga Dayi yini guda ne zuwa da dawowa, ga jiran mota ta cika. Malam Mudi ne ya kawo dabarar da ta raba mu da wannan wahala. Ya ce manhajar za ta yi zamanta a Funtua, a can za ta yi aikinta, mu kuma daga ƙauye mu riƙa ganin fuskarta a laftof ɗinmu, muna danna mata umarni tana amsawa, kamar mai leƙen ɗaki ta taga. Shi yana kiran abin fitarwa. In ya fitar da manhaja, sai tambarinta ya bayyana a laftof ɗin kowa. Na Kundi zangarniyar dawa ce kore.

Ba zan manta ranar farko ba. Ina zaune a ofishina na Dayi, mai kujera biyu da buhunan taki, na danna zangarniyar nan, sai ga muryar wani tsoho na Malumfashi ta fito tana maganar dawa kaura. Masu kabu-kabun da ke bakin titi suka cika taga. Wannan zamani ya yi daɗi. Mu biyar ne malaman gona, kowa a garinsa, manomi ya zo da tambaya a buɗe masa, ya ji daga bakin kakansa ko maƙwabcin kakansa. Wasu ma ba tambaya ke kawo su ba. Sai mutum ya zo ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Malama, ko za a ɗan sa mini Baba?"

Tsohuwa ba ta ɗaukar fiye da mutum uku a lokaci ɗaya, kuma tana shan wuta kamar me. Malam Mudi ya raya ta da kayan gwanjo daga Kano, fanka yau, waya gobe. Sai a 2021 wasu masu tallafi suka kawo sabuwa, 'yar ƙarama baƙa, ba ta ƙara, sola kaɗan ya ishe ta. Muka sa mata suna Baƙuwa. Shugabannin ƙungiya suka ce a jefar da Tsohuwa. Malam Mudi ya ce sam. Ya haɗa su biyun wuri ɗaya, ya kwafi duk manhajojin da ke cikin Tsohuwa ya zuba a Baƙuwa, ya fitar da su daga duka biyun. A bakin ƙofa kuma ya sa wata 'yar manhaja mai rabo, wadda duk wanda ya shigo daga ƙauye za ta tura shi wurin kwamfutar da ta fi sarari. Mu dai tambari ɗaya muke gani, ba mu san wadda muka faɗa wa ba.

Daga nan rigima ta fara. Manhajar rubuta rahoto lafiya lau, ta taswirar gonaki lafiya lau, amma Kundi yau ya buɗe gobe ya ƙi. Ka danna, zangarniya ta yi ƙyaf ta ɓace. Ka kira Funtua.

"Kashe ki kunna."

"Na kashe na kunna sau uku, Malam."

"To sabis ne. Ga shi nan a gabana yana aiki."

Gaskiya yake faɗa, domin shi a gaban Tsohuwa yake zaune, hannunsa a kanta, bai taɓa bin ta ƙofar da muke bi ba. Mu kuwa a ƙauye muka gano wani abu da kanmu. Wanda ya fara shiga da safe Kundi ba ya buɗe masa, amma wanda ya biyo baya yana samu. Ba mu san dalili ba, ba mu kuma damu da sani ba. Sai ladabi ya ɓarke a tsakanin malaman gona irin wanda ba a taɓa gani ba. In kira Malam Almustapha na Tsiga in ce, "Bismillah, Malam, fara shiga."

Ya ce, "Haba Hajiya, ina ni ina shiga gabanki? Ke ce babba."

"Ai maza ne a gaba."

"A sallah ba, Hajiya, ba a kwamfuta ba."

Haka za mu yi ta tura wa juna har hantsi. Kusan wata biyar muka yi a haka, babu wanda ya gaya wa Malam Mudi, don mun san amsar da zai bayar.

Sanda ne ya kawo ƙarshen abin. Bamaguje ne daga wata 'yar unguwa a bayan Dayi, dogo mai furfura, manomin maiwa na gaske. Gobara ta cinye rumbunsa da rani, har da damin da ya ware na iri, wanda ya gada wurin mahaifiyarsa Inno. Ya san ta taɓa ɗibar wa wata yarinya da aka kai aure wani gari, amma yana ƙarami a lokacin, bai riƙe ko wace ce ba. Ni ce na ɗauki muryar Inno da hannuna, na san ta lissafa. Ga damina ta matso, gabas ta fara haɗa hadari. A makon nan kuwa sauran malaman duk suna wani taro a Katsina, ni kaɗai ce ke shiga, don haka kullum ni ce ta farko. Kwana uku Sanda yana takowa da ƙafa, ya zauna kan buhun taki, in danna, abu ya ƙi. Ba ya cewa komai, sai dai ya ce, "Ba laifi, Malama, gobe ma rana ce." Wannan haƙurin nasa ne ya fi ƙona mini rai.

A rana ta uku na kira Funtua. Yana fara "Kashe ki" na katse shi. Na ce, "Malam Mudi, wallahi in ka ce mini sabis yau sai na hau mota na zo na same ka. Ka taso ka zo Dayi ka zauna a kujerata. Gani ya kori ji." Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan.

Kafin azahar sai ga shi a kan tsohon babur ɗinsa, hula ta yi ja da ƙasar hanya. Bai ko sha ruwa ba ya zauna. Ya danna, zangarniya ta yi ƙyaf ta ɓace. Ya sake. Ya duba sabis, ya cika taf. Sai na gaya masa sirrinmu na wa zai fara shiga. Ya dube ni kamar na mare shi.

"Wata biyar kuna wannan, ba wanda ya faɗa mini?"

"Da mun faɗa, me za ka ce?"

Ya ciro wayarsa ya shiga da sunansa, ya zama shi ne na farko. Ya ce in fita in sake shiga. Na shiga, na danna, Kundi ya buɗe tar. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya cire hula ya goge goshi.

"Laifina ne, Malama," in ji shi. "Mai rabo tana tura na farko wurin Baƙuwa, don ta fi ƙarfi. Na biyu ne ke samun Tsohuwa. Ita kuwa Baƙuwa ƙwaƙwalwarta daban ce, ba yare ɗaya suke ji da Tsohuwa ba. Ƙananan manhajoji tana iya fassara wa kanta ta yi aiki da su. Amma makullin nan ba ta san shi ba, ba ta ma da ramin da za a soka shi. Na san haka a littafi. Na ɗauka tunda na haɗa su, in ta nema ba ta samu ba za ta tambayi 'yar'uwarta."

Na ce, "Wa ya gaya maka haka?"

Ya ɗan yi murmushin jin kunya. "Baba in ya sayi sabon sa, da tsoho yake haɗa shi a karkiya. Mako biyu sabon ya koyi hanya. Ni haka na tashi na gani."

Na so in yi dariya, sai na tuna Sanda na zaune. Na nemo sunan Inno na danna. Muryar tsohuwa ta fito, ƙarama mai rawa, ta ce, "Sannunku da zuwa." Sanda ya sauko daga kan buhun ya durƙusa a ƙasa ya ce, "Yauwa, Inno." Shekara goma sha biyu da rasuwarta. Ta yi bayanin maiwarta, ta zagi tsuntsaye, sannan ta ce ta ɗibar wa Baturiya 'yar ƙanenta da aka kai wani ƙauye a yammacin Malumfashi. Bayan kwana biyu Sanda ya dawo da ƙoƙo cike, ya shuka da ruwan farko. Lokacin da muryar ke tashi na saci kallon Malam Mudi. Ya tashi ya fita waje yana duba tayar babur ɗinsa wadda ba abin da ya same ta.

Gyaran bai ɗauke shi awa ɗaya ba. Ya raba kwamfutocin biyu, ya fitar da Kundi daga Tsohuwa kaɗai, sauran manhajoji daga Baƙuwa. Wanda ya danna zangarniya, ko na farko ne ko na biyar, wurin Tsohuwa za a kai shi. Ladabinmu na safe ya ƙare, Malam Almustapha ya koma shiga gabana ba ko sallama.

Amma abin ya buɗe wa Malam Mudi ido. Ya gane muryoyi dubu ɗaya da ɗari huɗu suna rataye ne a jikin makulli ɗaya da ba shi da na biyu a duniya, kuma duk kwamfutocin da za su zo nan gaba irin Baƙuwa ne. Ya kai maganar wurin masana a Zariya da Kano, suka gwada dabarunsu, suka ce muryoyin a kulle suke, ba a kwafe su sai ta hanya ɗaya: a kunna kowace, a ɗauke ta da waya tana tashi, a zuba a Baƙuwa. Ɗaya bayan ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ga Tsohuwa mutum uku kawai take ɗauka, ga aikin gona yana jiranmu, ga sabis da ke yankewa a tsakiyar magana sai an sake daga farko. A wannan karon da gaske sabis ne.

Ya tsara layi ya aiko wa kowa. Unguwannin Maguzawa a farko, don tsofaffinsu sun fi ƙarewa. Sai ƙauyukan Malumfashi, sai Dayi, sai na kewayen Funtua. Na bi takardar da yatsa har ƙasa. Tsiga ce ta ƙarshe, a cikin Tsiga kuma Malam Awaisu ne na ƙarshe. Na kira shi.

"Malam, wannan wane irin layi ne?"

"Me ya same shi?"

"Ka sa mahaifinka a ƙarshe."

"To a ina zan sa shi? Ni ne mai rabo, Malama. Mai rabon nama ba ya fara cire na gidansa. Me mutane za su ce?"

"Babu wanda zai ce komai! Minti bakwai ne!"

"In minti bakwai ne ai ba zai gagara ba in an zo kansa."

Wannan ita ce kunyar da ta ci Malam Mudi. Ba ta mutane kaɗai ba ce, na sani. Tsoro yake ji. Wanda zai ɗauki muryar dole ya saurara don ya tabbatar ta fito, ya kuma riga ya ce na Tsiga shi zai yi da hannunsa. Yana tura ranar gaba ne kamar yadda ya saba.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Wata rana da la'asar na ce bari in yi maganin abin a ɓoye. Na shiga, na nemo sunan Malam Awaisu, na ajiye wayata kusa da laftof. Na manta daga Funtua yana ganin abin da kowa ya buɗe. Tsohon bai gama sallama ba wayar ta yi ƙara, ɗaukar ta katse.

"Malama Hajo," ya ce a hankali, "layi ake bi."

Da zagina ya yi da na yi gardama. Amma yadda ya faɗa, sai na ji kamar an kama ni ina buɗe akwatin wani. Na rufe. Na ce a raina ai saura kaɗan, Tsohuwa da ta yi shekara goma sha tara ba za ta gaza 'yan watanni ba.

Wata goma sha huɗu muka yi muna wannan aiki. Na ji muryoyin mutanen da na manta na taɓa zama a zaurensu, da kukan awakinsu, da tarin wasu, da muryata ta ƙuruciya tana tambaya cike da rawar kai. Muka gama Maguzawa, muka gama Malumfashi da Dayi da Funtua. Malam Mudi ya shiga Tsiga da kansa, biyu ko uku a rana, yana ja kamar mai tafiya kan ƙaya. Saura goma sha ɗaya.

Ranar wata Laraba da la'asar, tsakiyar damina, hadari ya taso wa Funtua ba zato. Malam Mudi ya fita masallaci, bai cire wayoyi ba don yana tsakiyar aiki, yana cewa yanzu zai dawo. Tsawa ta faɗa kan turken wutar da ke bayan Gidan Iri. Baƙuwa tana kan sola, ko gezau ba ta yi ba. Ni a Dayi ina rubuta rahoto, sai na ga zangarniyar dawa ta ɓace daga laftof ɗina.

Washegari na hau motar farko. Na tarar da shi a ɗakin kwamfuta, ƙaurin roba bai gama fita ba. Ya kwance Tsohuwa gaba ɗaya a kan tabarma. Da ita kaɗai ce ta ƙone da ya tashe ta, yana da kayanta a kwali. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini makullin. Ya narke ta gefe ɗaya, ya yi baƙi.

Na zo da maganganu cike da baki tun daga Dayi, na tsara su a mota ɗaya bayan ɗaya. Da na ga fuskarsa ban iya faɗin ko ɗaya ba. Na zauna a kujerar baƙi. Ana jin masu Keke Napep suna ta hon a titi.

"Goman nan zan bi gidajensu," in ji shi. "'Ya'yansu za su tuna wani abu. Farafarar Baba kuwa ƙanena yana shuka ta, ba ta ɓata ba." Ya juya makullin a hannunsa. "Malama, kin ce akwai abin da ya kamata in ji."

Na ce, "Ya kira sunanka."

Ya daina juya makullin.

"Sau biyu. Na tambaye shi wa zai riƙe iri. Ya ce Mudi ba zai yi noma ba, amma akwatin nan ba Mudi ne ya kawo shi ba? Ya ce ai kai ma ajiyar iri kake yi. Sannan ya yi dariya."

Mutum ɗan shekara hamsin da tara, mai jikoki, ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji. Can ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Yaya ya faɗe shi? Da ƙarfi, ko a hankali?"

Na rufe ido. Ina ganin buzun, ina ganin igiyar shanu a hannun tsohon, ina jin muryar a cikin kaina sarai, mai kauri, da 'yar dishewa a ƙarshe. Na buɗe baki na ce, "Mudi." Muryata ce ta fito, muryar Hajo ta Dayi da ya saba ji a waya tana ƙorafin sabis.

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Sake faɗa, Malama," ya ce.

Na sake faɗa.